Jami'o'inmu: A Tashi Sama Ko A Bazu A Ƙasa?

A cikin watan Agusta na shekarar 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yanke shawarar dakatar da kafa sababbin jami'o'i da sauran manyan makarantu na Gwamnatin Tarayya har tsawon shekara bakwai. Dalilin da aka bayar shi ne makarantun sun yi yawa, kuɗin riƙe su bai isa ba, waɗansu ma kusan babu ɗalibai a cikinsu. To amma yaran da ke neman shiga jami'a ba su dakata ba. A wannan shekara ɗin kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffin jami'o'in nan da suka yi suna suke nema, watau irin su Ikko da Badun da Ilori da Zariya da Kano da Nsukka. Ke nan nauyin zai ƙara komawa kan waɗannan wurare, waɗanda tun tuni azuzuwansu da ɗakunan kwanansu suka cika suka batse.

Wannan ne ya sa maganar dogayen benaye take ta dawowa a bakin masu zanen gine-gine da hukumomin jami'o'i. Masu goyon bayan abin suna cewa fili ya yi tsada, gari ya kewaye jami'a ta kowace fuska, saboda haka sai a tashi sama kamar yadda manyan biranen duniya suka yi. Suna ƙarawa da cewa yanzu akwai dabarun gina dogon bene wanda ba ya cin wuta da yawa, ba ya ɓarnar ruwa, ba ya kuma gurɓata iska. Maganar tana da daɗin ji. Sai dai kafin a sa hannu a kan kwangila ya kamata a dubi abin da tsawo yake ci da abin da yake bayarwa, a kuma dubi irin ƙasar da za a kafa ginin a kanta.

Ba a yau aka fara ba

Jami'ar da ta fara yin suna da dogon bene ita ce ta Pittsburgh a ƙasar Amurka. Shugabanta na wancan zamani, John Bowman, shi ya dage sai an gina wani abu da duk ɗan talakan da ke garin zai ɗaga kai ya gani, ya ji sha'awar karatu. Aka fara aiki a 1926, aka buɗe a 1937, ginin mai hawa 42 da tsawon mita 163. Da ake tara kuɗin aikin, yaran makarantun garin kimanin 97,000 suka riƙa ba da kwabbai goma-goma na kuɗinsu, wai kowane ya sayi bulo ɗaya. Bayan yaƙin duniya na biyu Tarayyar Sobiyet ta yi nata a Mosko, aka gama a 1953, tsawonsa mita 240, kuma shi ne gini mafi tsawo a nahiyar Turai har zuwa 1990. A birnin Tokyo na Japan kuwa an buɗe wani a 2008, mai hawa 50 da tsawon mita 204, wanda makarantun koyon sana'a uku suke ciki da ɗalibai kusan 10,000.

Idan aka lura, biyun farko ba ƙarancin fili ne ya haife su ba. Bowman alama yake so ya kafa, Stalin kuwa ƙasaita yake so ya nuna wa duniya. Na Tokyo ne kaɗai matsi na gaske ya tilasta, don a unguwar Shinjuku ɗan filin da za a kafa kanti ma dukiya ce mai yawa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar, domin a Nijeriya ma jami'o'inmu ba halinsu ɗaya ba. Jami'ar Ikko da aka kafa a 1962 tana zaune a Akoka a kan fili kimanin eka 800, ruwan tafki a gefe ɗaya, unguwanni cike da jama'a a sauran gefunan, wani sashen filin kuma fadama ne. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a shekara ɗaya da ita tana da fili kimanin hekta 7,000. Wanda ya ba waɗannan biyu shawara iri ɗaya bai san ɗaya daga cikinsu ba.

Mu ma dai tsawo ba baƙonmu ba ne. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa da itace, tana da mita 27, ga kuma Gobarau a Katsina. A garin Shibam na Yaman mutane suna zaune a gidajen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama da haka tun ƙarnuka da suka wuce. Ginin Majalisar Jami'a na Samaru ana hango shi daga nesa, na Akoka ma ya haura hawa goma. Amma ofisoshi ne a cikin waɗannan biyun, ofis kuwa dabam, ajin karatu dabam.

Abin da tsawo yake ci

Fazlur Rahman Khan, wani injiniya haifaffen Bangaladash wanda ya tsara ƙashin ginin Sears Tower na Chicago, ya bayyana wata ƙa'ida da duk mai wannan sana'a ya sani a yau. Nauyin da ke danna gini ƙasa yana ƙaruwa daidai da yawan hawansa, amma ƙarfin iskar da ke tura shi gefe yana ƙaruwa fiye da haka nesa ba kusa ba. Saboda haka da zarar gini ya wuce wani tsawo, kowane hawa da aka ƙara sai ya buƙaci rodi da kankare fiye da wanda ke ƙarƙashinsa, ginshiƙai su yi kauri, harsashi ya yi zurfi. A wuri irin Akoka, inda ƙasa take da laushi da ruwa, tilas a kafa turaku masu zurfi kafin a fito sarari, kuma kuɗi masu yawa suna nutsewa a nan ba wanda zai gan su. Ga shi kuwa sana'ar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ginin da ya cinye siminti fiye da kima ya riga ya ci bashin muhalli tun ba a kunna fitila ɗaya a cikinsa ba.

Bayan gini sai zama. A shekarar 2017 masu bincike na Kwalejin Jami'a ta Landan suka kwatanta ɗaruruwan gine-ginen ofisoshi a Ingila, suka tarar cewa waɗanda suka haura hawa 20 suna cin wutar lantarki fiye da ninki biyu na abin da masu hawa biyar zuwa ƙasa suke ci, idan aka auna da faɗi ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dogon bene ba ya samun inuwar itatuwa ko ta maƙwabta, rana tana dukansa tun safe har yamma. Iskar sama tana da ƙarfi, saboda haka sau da yawa ba a buɗe tagoginsa, sai a dogara ga na'urar sanyaya ɗaki. Ruwa sai an tura shi da inji daga tanki zuwa tanki. Mutum kuma sai lifta ta kai shi.

Maganar liftar nan ita ce ta fi damun makaranta. Ma'aikacin ofis yakan hau da safe, ba zai sauko ba sai lokacin salla ko cin abinci. Ɗalibai kuwa kowace sa'a ɗaya ko biyu sai su tashi gaba ɗaya su sake aji. Mu ɗauka lifta tana ɗaukar mutum 15, kuma zuwa da dawowarta minti uku ne. A cikin minti goma na sauyin darasi ba za ta kwashe fiye da mutum 50 ba. Idan ɗalibai dubu ne ke son hawa, sai a lissafa lifta nawa ake bukata, a kuma lissafa filin da ramukansu za su cinye a kowane hawa. Wannan duk idan akwai wuta ke nan.

Wuta kuwa kowa ya san halinta a ƙasar nan. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙara farashin da manyan masu amfani na rukunin farko suke biya, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, ko da yake an ɗan rage daga baya. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama suka faɗa cikin wannan rukuni, shugabanninsu suka yi ta kuka cewa kuɗin wutar wata ɗaya ya fi abin da Gwamnati take ba su na gudanarwa. A watan Oktoba na wannan shekara yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Gini mai hawa huɗu idan aka ɗauke wuta sai a buɗe taga a ci gaba da darasi, ruwa ma a iya hawa da shi a bokiti in ta kama. Mai hawa ashirin kuwa ranar da janareto ya tsaya ya zama kurkuku ga wanda ke sama, ya zama dutse ga gurgu da mai juna biyu da dattijon malami.

Sa'an nan ga gobara. A watan Janairu na 1983 wuta ta kama ginin NET a Ikko, wanda shi ne mafi tsawo a ƙasar a lokacin. Bayan shekara biyu, a Janairun 1985, ta cinye Gidan Koko na Badun mai hawa 26, sai da aka yi shekaru kafin a sake shiga cikinsa. Tsanin motar 'yan kwana-kwana da wuya ya wuce hawa goma, saboda haka dogon gini tilas ya kashe wutarsa da kansa, da bututun ruwa masu feshi da matakalai biyu ko fiye waɗanda hayaƙi ba ya shiga. Ko a Landan, inda ake taƙama da bin doka, gobarar benen Grenfell mai hawa 24 ta kashe mutum 72 a watan Yuni na 2017, saboda an lulluɓe bangonsa da wani abu mai kama wuta, matakala kuma ɗaya ce tak. A nan gida, ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi ya rufta ya hallaka fiye da mutum 40. Duk uban da zai tura 'yarsa ta kwana a hawa na goma sha takwas yana da haƙƙin ya tambaya wa ya duba ginin, da wane ma'auni kuma.

Darasin Badun da Ife

Abin mamaki shi ne yawancin dabarun da ake zuwa ƙasashen waje a koyo a yau da sunan gini mai ɗorewa suna nan a harabar tsofaffin jami'o'inmu tun kafin mulkin kai. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, sarakunan garin suka ba ta fili fiye da eka 2,500 bisa haya ta shekara 999. Turawan nan biyu, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, su suka zana manyan gine-ginenta na farko. Ba su da na'urar sanyaya ɗaki da za su dogara a kanta, saboda haka suka nemi sanyi daga tsarin ginin kansa. Suka miƙe gine-ginen daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen fuskokinsu suke kallon kudu da arewa. Dalili kuwa shi ne a ƙasashenmu rana tana bi ta tsakiyar sama, ɗan rufin baranda ya isa ya kare bangon kudu da na arewa, amma hantsi da ranar la'asar suna shigowa a kwance ta gabas da yamma, babu barandar da za ta tare su. Sai suka bar wa waɗannan fuskoki biyu gajeren bango marar taga. Suka kuma sirance ginin, faɗin ɗaki ɗaya da baranda, don iskar da ke tasowa daga teku ta shiga ta nan ta fita ta can. Ɗakin karatun jami'ar, wanda yanzu ake kira da sunan Kenneth Dike, suka yi masa bango mai huda-huda na kankare, haske da iska suna shiga, zafin rana ba ya shiga.

A Ife an ƙara gaba. Arieh Sharon, mutumin Isra'ila wanda ya yi karatu a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya yi aiki tare da 'yan Nijeriya masu zanen gini wajen tsara jami'ar tun daga shekarun 1960. A gine-ginen sashen fasaha da harsuna ya juya dala kanta a ƙasa: kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, saboda haka yana yi masa inuwa, yana kuma kare shi daga ruwan sama mai feshi. Ya tattara sassan karatu a wuri ɗaya ya haɗa su da hanyoyin ƙafa masu rufi, motoci suna zagayawa ta waje. Har yau wanda ya shiga Jami'ar Obafemi Awolowo, kamar yadda aka sake mata suna a 1987, zai ji bambancin zafi tsakanin waɗannan tsofaffin gine-gine da waɗansu sababbi da aka yi bayansu.

Abin baƙin ciki ne ganin yadda aka yi watsi da wannan ilmi. Yau sai a ga sabon gini a jami'a an lulluɓe fuskarsa ta yamma da gilashi mai shuɗi tun daga ƙasa har sama, wai don ya yi kama da na Dubai, sa'an nan a rataya masa na'urorin sanyi ashirin da babu wutar kunna su. A tsofaffin gine-ginen ma an toshe hudojin iska da bulo an mai da baranda ofis. Alhali kuwa tun 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin wuta a gine-gine, wadda ta iyakance yawan gilashin da za a sa a bango ba tare da inuwa ba, ta kuma ce a sa abin tare zafi a rufi. Ƙa'idar tana nan a takarda, masu binta ne kaɗan.

Dole a faɗa cewa maganin Badun ba shi ne maganin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba. A kudu laima ce take damun mutum, iska yake nema. A arewa mai nisa, a watannin bazara, iskar rana kanta wuta ce, zafi yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ga ƙura. Abin da magina na gargajiya suka sani shi ne bango mai kauri, ƙananan tagogi, da tsakar gida mai inuwa. Kaurin bango yana shanye zafin rana ya riƙe shi, ba ya sakinsa sai dare ya yi sanyi. Wannan hikima ce Mick Pearce ya yi amfani da ita a ginin Eastgate na birnin Harare, wanda aka buɗe a 1996, ya ce daga surin gara ya koya. Da dare manyan fankoki suna jawo iska mai sanyi su bi da ita ta cikin ramukan da ke ƙarƙashin daɓen kowane hawa, kankaren ya yi sanyi, da rana kuma ya sanyaya iskar da ke shiga ofisoshi, mai zafin ta fita ta bututun sama. Harare tana kan tudu, darenta da sanyi, shi ya sa dabarar ta ci. Za ta iya ci a Jos, da Zariya a yawancin watanni. A Ikko ko Fatakwal, inda dare da rana ba su da bambanci sosai, ba za ta yi wani tasiri ba.

Wurin da Ikko za ta duba shi ne Singafo, wadda take da zafi da laima irin nata, ga kuma ƙarancin fili fiye da nata. Duk da matsin da suke ciki, da Jami'ar Fasaha ta Nanyang ta tashi gina sababbin azuzuwa a 2015, hawa takwas ta tsaya: hasumiyoyi 12 a jingine da juna, da fili a tsakiya wanda iska take ratsawa ba tare da na'ura ba. A 2019 kuma Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta buɗe wani gini mai hawa shida na sashen zane da muhalli, wanda aka tsara shi ya samar da wutar da yake ci a shekara daga alluna fiye da 1,200 na hasken rana da ke kan rufinsa. Ba su daskarar da ɗakunan kamar firji ba, sun ɗan sanyaya iskar ne kawai suka haɗa da fankar sama. Lissafin a fili yake. Rufi ɗaya ne gini yake da shi ko hawansa nawa ne. Mai hawa biyar rufinsa yana ciyar da hawa biyar, mai hawa talatin kuwa wannan rufin ne za a raba wa talatin. Duk wanda ya ce dogon benensa zai riƙe kansa da hasken rana, a tambaye shi ina zai shimfiɗa allunan.

Akwai kuma masu maganar katako. A 2017 Jami'ar British Columbia ta Kanada ta gama gidan kwanan ɗalibai mai hawa 18 da tsawon mita 53, mai ɗaukar mutum 400 da 'yan kai, wanda yawancin ƙashinsa allunan katako ne da aka manne a masana'anta. Abin sha'awa ne, amma su dazuzzuka gare su da ake sarewa ana dasawa bisa doka. Mu namu dajin ƙarewa yake yi, ga gara.

Illar bazuwa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tunda tsawo yana da tsada, to bazuwa ita ce mafita. Kuskuren da aka fi tafkawa a ƙasar nan ta wannan fuska ne. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur suke shigowa kamar ruwa, Gwamnatin Soja ta kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal. Aka yanka musu manyan filaye a bayan gari, aka zana taswirori masu faɗi, wannan sashe a nan, wancan a can, da tituna masu hannu biyu a tsakani, kamar kowane ɗalibi da motarsa zai zo. Kafin a gina rabin abin da aka zana farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Abin da ya rage shi ne gine-gine a warwatse cikin daji, ɗalibi ya yi tafiyar rabin sa'a cikin rana daga wannan darasi zuwa wancan, kowace kilomita kuma tana bukatar kwalta da bututun ruwa da wayar lantarki da mai gadi.

Filin da ba a amfani da shi kuwa ba ya zama haka nan. Da wuya a sami tsohuwar jami'a a Nijeriya wadda ba ta shari'a ko rigima da maƙwabta a kan iyaka. Tsaronsa ma wani nauyi ne. A 2017, bayan hare-haren 'yan Boko Haram, sai da aka haƙa dogon rami a bayan Jami'ar Maiduguri saboda girman iyakarta. Mafi muni shi ne, duk da yalwar filin, yawancin ɗalibai ba su da wurin kwana a ciki, sai su kama haya a ƙauyukan da ke kewaye. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka sace ɗalibai fiye da 20, yawancinsu mata. Maganar inda za a gina ɗakin kwana, da yawan mutanen da zai ɗauka, magana ce ta rai.

To ta yaya za a zaunar da mutane da yawa a ɗan wuri ba tare da an tashi sama ba? Tun a shekarun 1960 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Kambirij, Leslie Martin da Lionel March, suka yi lissafin wannan. Suka nuna cewa idan aka ɗauki fili ɗaya, aka jera ginin a gefunansa aka bar tsakiya a buɗe, za a sami faɗin ɗakuna daidai da na hasumiyar da aka kafa a tsakiyar filin, da kusan sulusin tsawonta kawai. Dalili shi ne hasumiya tilas a bar mata sarari mai yawa a kewaye, sararin da ba ya amfanar kowa sai iska da motoci. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, tsarin gidan ubansa ne aka ɗaga sama: ɗakuna a gefe, tsakar gida a tsakiya, ƙofa ɗaya ta zaure wadda mai gadi ɗaya zai iya tsarewa.

A ganin mai wannan rubutu, azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai bai kamata su wuce hawa huɗu zuwa shida ba a ko'ina cikin ƙasar nan, manyan ɗakunan lacca su kasance a ƙasa, matakala ta zama mai faɗi da haske yadda mutum zai so hawanta, a sa lifta ɗaya ko biyu domin naƙasassu da kaya. A cike guraben da ke tsakanin gine-ginen da ake da su kafin a sari sabon daji, yadda ɗalibi zai kai ko'ina cikin minti goma a ƙafa, ƙarƙashin inuwar darbejiya ko rufi. Filin da ya rage a waje a bar shi ga gonar gwaji da itatuwa da tashar wutar rana. Jami'ar Bayero ta nuna amfanin wannan a 2019, sa'ad da aka buɗe mata tasha mai ƙarfin megawat 7.1, abin da jami'ar da gari ya matse ba ta da wurin shimfiɗawa.

Ikko ita ce za a iya yi wa uzuri, da watakila waɗansu jami'o'in da ke tsakiyar birni. A can bene mai hawa goma zuwa goma sha biyar yana da hujja, amma a zuba masa waɗanda ba sa hawa da sauka kowace sa'a, watau ofisoshi da gidajen malamai da ɗakunan masu karatun babban digiri. Ya zama siriri yadda kowane ɗaki yake da tagar da ake buɗewa, fuskokinsa su kalli kudu da arewa, kowane hawa da barandar inuwa, matakalar gudun gobara biyu, tankin ruwa a sama wanda zai kai kwana biyu ba wuta, lifta kuma a kan batirin da hasken rana yake cikawa.

Saura maganar kuɗin riƙo, wadda ita ce aka fi gudu. Asusun TETFund, wanda aka sake wa fasali a 2011, shi ne ya gina yawancin sababbin gine-ginen da ake gani a jami'o'in Gwamnati, kuma an fi samun kuɗin sabon gini da sauƙi a kan kuɗin gyaran tsoho, don sabon gini ne ake yanka masa kyalle a kafa allo da sunan mai girma. Lifta kuwa tana bukatar makaniki kowane wata, kayan gyaranta daga ƙasashen waje ake sayo su da dala, injin tura ruwa yana da shekarun da yake yi ya mutu, bututun kashe gobara sai ana gwada su. Ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙi amincewa da duk wani gini da ya wuce hawa shida sai an kawo mata, tare da zanen, lissafin abin da zai ci na wuta da gyara cikin shekara 25, da sunan asusun da za a riƙa biya daga ciki. Dakatarwar da aka yi a 2025 za ta ƙare a 2032, kuma gine-ginen da majalisun jami'o'i za su amince da su kafin wannan lokaci su ne 'ya'yan ɗaliban yau za su zauna a ciki.